Abin da Jini Ya Faɗa a Bagega

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon 2010 aka wayi gari suna ƙarewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ba wanda ya ɗauki abin da zafi, don annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce. Sai daga baya hukumar CDC ta Amurka ta ce gargaɗi ne ya wuce kowa. 

A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, masu zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar yara na amai da jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓi kuma ba ya ci. Da aka aika jininsu Turai sai amsa ta dawo: gubar dalma. Tushenta duwatsun zinariya ne da ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa da injin hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A Dareta da 'Yargalma, CDC ta ƙirga yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda.

Na'urar awon da aka zo da ita ma sai da ta gaza. Ƙarama ce, ana ɗiga mata jini ta ba da lamba cikin 'yan mintoci, amma iyakarta 65, alhali a lokacin 10 ma abin tashin hankali ne ga likita. Yaro bayan yaro, abin da take nunawa kawai shi ne ya zarce. Dole aka koma surka jinin da wani mai tsabta, a auna, a ninka lissafi, sannan a san girman ta'asar.

Cikin ƙauyukan, Bagega ce ta fi shan jira, kuma a ganina nan ne abin kunyar yake. An san sakamakon jinin 'ya'yanta, amma maganin fitar da dalma ba ya amfani muddin yaro zai koma kan gurɓatacciyar ƙasa. Kamfanin TerraGraphics ya kankare ƙasar ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa, da ta fi su girma, aka bar ta. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale a Abuja. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi ta matsa lamba, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗi a Janairun 2013. A shekarar aka kwashe ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka fara ba yara magani.

Yara kimanin 400 annobar ta ci a Zamfara. A 2015 irinta ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a 2022 kuma MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin Zamfara. Kafin nan CDC ta sauko da ma'aunin dalmar jini mai tayar da hankalin likita daga 10 zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021.