Gwajin Garkuwar Jiki a Cutar Staphylococcus

Gwajin garkuwar jiki hanya ce ta duba jini don gano sinadaran kariya da jiki ke samarwa idan ƙwayar Staphylococcus aureus ta shige shi. Ita ce ƙwayar da ke haddasa maruru, ciwon ƙashi da ruɓewar rauni. Likita Alexander Ogston ne ya fara bayyana ta cikin mugunya a 1880.

Wannan gwaji shi kaɗai ba ya tabbatar da cuta, domin kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ƙwayar a hanci lafiya lau, kuma jinin yawancin manya yana da sinadaran. Saboda haka majinyaci a Dutsin-Ma ko Kurfi da aka ce masa yana da "staf", wato Staphylococcus, ya kamata ya tambayi irin gwajin da aka yi. Hujja mafi ƙarfi ita ce shuka mugunya ko jini a ɗakin gwaji, a tsirar da ƙwayar, sannan a gwada maganin da ke kashe ta.

Wasu na cewa gwajin na taimakawa idan ciwon ya ɓuya cikin ƙashi ko zuciya. Haka ne, amma sai an maimaita shi bayan makonni an ga ƙaruwa, kuma ba ya nuna ƙwayar da ta bijire wa magani, irin MRSA da aka gano a Ingila a 1961.