Tarihin Ganyayen Miya da Matsalar Inganta Irinsu: Misali daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa ganyayen miya, waɗanda suka daɗe suna riƙe da cimar Bakano, ba su sami kulawar da ta dace daga masu binciken aikin gona ba, kuma inganta irinsu ba zai yi nasara ba sai an bi zaɓin masu dafa su. Mun ɗauki misali daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, unguwannin da ke cikin ƙaramar hukumar Tarauni a birnin Kano.

Ganyaye a Tarihi

Kuka da zogale da rama da yakuwa da lalo da tafasa da gasaya tsofaffin abokan tuwo ne. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a 1916, sa'an nan ya bayyana amfaninsu a littafinsa na 1937. Amma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hankalin hukumar mulkin mallaka ya koma kan gyaɗa da auduga, watau amfanin gonar da ake fitarwa ƙasashen waje. Ganye kuwa aka bar shi a hannun mata da masu lambu, su ne suka riƙa zaɓar iri suna adanawa daga damina zuwa damina. Darajar wannan aiki ta fito fili a farin 1972 zuwa 1974, lokacin da ganyen tafasa da makamantansa suka taimaki talakawan karkara da hatsi ya ƙare musu.

Zaɓin Jama'a

Wanda ya lura da kasuwar Tarauni zai ga cewa mai saye tana da ma'auninta. Lalo da karkashi ana son su ne don yauƙi, yakuwa don tsami, zogale kuwa don ya yi laushi a kwaɗo da dambu. Ita kuka dole ta kasance kore shar, domin wadda ta koɗe alama ce ta an shanya ta a rana. A nan ilimin uwargida ya dace da na masana, gama zafin rana yana rage sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Darasi daga Wake

A Tarauni ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, take da tasharta ta Kano. A nan masana irin su B. B. Singh suka fahimci cewa manomi ba ƙwayar wake kaɗai yake nema ba, yana bukatar harawa don dabbobinsa. Da aka samar da irin da ke ba da duka biyun, sai ya sami karɓuwa. Wannan darasi ya shafi ganyaye kai tsaye. Alal misali, alayyafo yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, amma yana kuma da oksalet mai hana jiki cin moriyar wasu sinadarai. Ana iya zaɓar irin da oksalet ɗinsa bai yi yawa ba, sai dai in ganyen ya yi tauri ko launinsa ya sauya, ba zai shiga tukunya ba.

Kammalawa

Tun daga 2011 aka fara wani yunƙuri na duniya don nazarin ƙwayoyin halittar amfanin gona 101 na Afirka da aka yi watsi da su, ciki har da kuka da zogale da gasaya. Muna ganin wajibi ne masananmu su fara tattara irin da ke hannun mata da masu lambu kafin gine-gine su cinye sauran filayen noman da ke kewayen birni, su kuma sa matan unguwanni cikin masu ɗanɗana kowane sabon iri. Irin da aka inganta, in ba a ci shi ba, bai ƙara wa kowa jini ba.