Waɗanda Kyamara Ta Tsallake: Ƙarfi da Raunin Tsofaffin Fina-finan Kasada na Yaƙin Duniya na Biyu

Gabatarwa

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1960, kamfanonin fim na Ingila da Amurka sun yi ta fitar da wani nau'in fim wanda ya mayar da Yaƙin Duniya na Biyu fagen kasada da bajinta. Fitattu daga ciki su ne The Dam Busters na 1955, da The Bridge on the River Kwai na 1957, da The Guns of Navarone na 1961, da The Great Escape na 1963. Har yau ana kallon su, kuma masu shirya fim suna ɗiban darasi a cikinsu. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, dabarar da ta ba waɗannan fina-finai ƙarfi ita ce kuma tushen babban rauninsu. Dabarar ita ce taƙaita yaƙin da ya haɗiye miliyoyin rayuka zuwa labarin mutane ƙalilan da aka ɗora wa aiki guda. Da ita suka kama zuciyar mai kallo, da ita kuma suka koya masa mutuwar wa ta cancanci kuka.

Gwanintar saƙa labari

Duk wanda ya kalli The Guns of Navarone da idon basira zai ga yadda aka ƙera shi. Sojojin Ingila 2,000 sun maƙale a wani tsibiri na tekun Girka, jiragen ruwan da za su kwaso su ba su da hanyar wucewa saboda manyan igwa biyu da Jamusawa suka girke a cikin dutse, sai aka tura mutum shida su tarwatsa su cikin 'yan kwanaki. Tun a mintocin farko mai kallo ya san aikin, ya san wa'adin, ya san abin da za a rasa idan aka gaza. Kowane ɗan tawaga da baiwarsa: wannan gwanin hawan dutse, wancan masanin nakiya, ɗaya kuma ya ƙware da wuƙa. Tsibirin Navarone ƙage ne daga littafin Alistair MacLean na 1957, amma an fayyace hanyoyinsa ta yadda mai kallo ba ya ɓata a cikinsa.

Wani abin yabo shi ne girmama aikin hannu. The Great Escape, wanda John Sturges ya ba da umarni, ya kusa awa uku, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne wajen nuna yadda fursunoni ke haƙa rami, suna tokare shi da katakon gadajensu, suna zubar da ƙasar ta cikin jakunkunan da suka ɓoye a ƙafafun wando, suna ɗinka kayan farar hula da buga takardun bogi. Haka The Dam Busters ya ɓata rabinsa a kan injiniya Barnes Wallis da gwaje-gwajen bam mai tsalle a kan ruwa. A irin waɗannan fina-finai, jarumta ta haɗa da haƙuri da lissafi da aikin gayya, kuma wannan darasi ne mai daraja.

Ba a kuma rasa tambayar ɗabi'a a cikinsu ba. A The Bridge on the River Kwai na David Lean, wanda ya ci lambobin Oscar 7, Alec Guinness ya fito a matsayin Kanar Nicholson, hafsan da ya jure azabar Japanawa don kare mutuncin mutanensa, sannan girman kai ya ja shi ya gina wa abokan gaba gada mai inganci har ya manta ɓangaren da yake. A The Guns of Navarone ma, masanin nakiya da David Niven ya fito a matsayinsa ya tsare shugabansu da magana mai zafi: idan har za a kashe yarinyar da ta ci amanarsu, to hafsan da ke ba da umarni ya ɗauki bindiga da hannunsa. Fim ɗin da zai iya tsayar da gudu da harbi don ya yi wannan tambaya ya wuce abin rage dare kawai.

Inda gizo ke saƙar

Masu suka sun fi ɗora hannu a kan kurakuran tarihi, kuma suna da hujja. A daren 24 ga Maris na 1944, fursunoni 76 suka fice daga sansanin Stalag Luft III. An sake kama 73, 'yan sandan ciki na Gestapo suka harbe 50 bisa umarnin Hitila, uku kacal suka isa gida: biyu 'yan Nowe, ɗaya ɗan Holan. An riga an ɗauke Amurkawa zuwa wani sashe na sansanin watanni kafin wannan dare, amma a fim ɗin The Great Escape Ba'amurke Steve McQueen ne tauraro, kuma tsallen da aka yi da babur a kan shingen waya bai taɓa faruwa ba. Dalilin a fili yake: kuɗin fim daga Amurka suke fitowa, kasuwarsa mafi girma ma can take. Wannan lissafi ne ya sa Shears, wanda Baturen Ingila ne a littafin Pierre Boulle, ya koma Ba'amurke don William Holden ya samu gurbi a fim ɗin Kwai.

Sai dai a ganina irin wannan kuskure shi ne ƙarami. The Great Escape dai ya sadaukar da kansa ga mutum 50 da aka harbe, ya nuna kisan nasu. Babban rauni yana wajen mamatan da ba a nuna ba sam. Layin dogon da Japanawa suka shimfiɗa tsakanin Tailan da Bama a 1942 da 1943 ya kai kimanin kilomita 415. Fursunonin yaƙi na ƙasashen ƙawance kusan 60,000 aka tilasta wa aikin, fiye da 12,000 suka mutu. Amma leburorin Asiya da aka kwaso daga Malaya da Bama da Jaba sun ninka fursunonin yawa, kuma ƙiyasin da aka fi ambata na mamatansu ya kai 90,000. Yunwa da kwalara da duka ne suka gama da su. Fim ɗin Lean ya mayar da wannan maƙabarta fagen ja-in-ja tsakanin kanar biyu, ya kuma nuna kamar Japanawa ba su iya gina gada ba sai da ilimin Bature. Tsofaffin fursunoni da yawa sun ji zafin fim ɗin, musamman da yake hafsan da ya shugabance su a wurin gadar ta gaskiya, Philip Toosey, an san shi da kare mutanensa da yi wa aikin zagon ƙasa.

Haka abin yake a The Dam Busters. Jiragen Lancaster 19 suka tashi don fasa madatsun ruwan Jamus a daren 16 ga Mayu na 1943, 8 ba su dawo ba, matuƙa da ma'aikatan jirgi 53 suka mutu. Fim ɗin ya rufe da jimaminsu cikin nutsuwa mai taɓa zuciya, kwamandansu yana tafiya don ya rubuta wa iyalansu wasiƙu. Ambaliyar da ta biyo bayan fasa madatsun Möhne da Eder kuwa ta kashe fiye da mutum 1,200, ɗaruruwa daga cikinsu matan da Jamusawa suka kamo daga ƙasashen Sobiyat don aikin tilas. Su babu wanda ya rubuta wa iyayensu wasiƙa a fim.

Bama da 'yan Bama

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A 1945 kamfanin Warner ya fitar da Objective, Burma!, inda Errol Flynn ya jagoranci sojojin laima na Amurka a dajin Bama. Jaridun Ingila suka yi ca, suna cewa an shafe ƙoƙarin sojojinsu, har aka janye fim ɗin daga gidajen silima na ƙasar, bai koma ba sai 1952. Turawan Ingila sun san zafin a cire mutum daga tarihinsa. Duk da haka, rundunar da ta yi yaƙin Bama mafi yawanta Indiyawa ne da Gurkawa da 'yan Afirka, kuma fina-finan kasada na wancan zamani ba su ba su wurin da ya dace da su ba.

Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun ƙunshi dubban 'yan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen bariki ga yawancin sojojin Nijeriya. Sun ratsa kwarin Kaladan da tsaunukan Arakan inda mota ba ta shiga, 'yan dako suna ɗauke da kaya a ka, jirage suna jefo musu abinci daga sama. Bataliya uku ta sojojin Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. A Janairu na 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka ƙwace Myohaung. Duk kayan haɗin fim ɗin kasada suna cikin wannan tarihi: daji, da wa'adi, da ƙaramar tawaga a tsakiyar maƙiya. Sunayen suna nan a barikin Chindit na Zariya, da Kalapanzin na Kaduna, da Myohaung na Legas, da Burma Camp na Akara, kuma matasa da yawa suna wucewa ta ƙofofinsu ba su san daga ina sunayen suka fito ba.

Wani zai ce fim nishaɗi ne, ba littafin tarihi ba, kuma babu labarin da zai ɗauki kowa. Gaskiya ne, zaɓe dole ne ga mai ba da labari. Amma idan aka shekara ashirin ana zaɓen fuska iri ɗaya, zaɓen ya zama hukunci. Gani ya kori ji: abin da ido ya gani a majigi ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da abin da aka karanta a aji. Kuma hujjar cewa abin ba zai yiwu ba ta faɗi tun 1943, lokacin da fim ɗin Sahara na Humphrey Bogart ya ba Rex Ingram matsayin sajamanje ɗan Sudan mai suna da mutunci, wanda sadaukarwarsa ta ceci sauran.

Kammalawa

Waɗannan fina-finai sun cancanci a ci gaba da kallon su da nazarin su, domin sun san yadda ake gina fargaba, da yadda ake sa mai kallo ya damu da mutum shida kamar 'yan gidansu. Abin da ya kamata malami da mai sharhi su ƙara shi ne tambayar wanda ke tsaye a gefen da kyamara ba ta waiwaya ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Usman Sembene ya nuna haka a 1988 da Camp de Thiaroye, kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe kusa da Dakar a 1 ga Disamba na 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya nuna haka a 2007 da littafinsa Burma Boy. Dabarar tawaga ƙarama da aiki guda ba mallakin Hollywood ba ce. Marubutan Hausa da masu shirya fim a Kano da Kaduna da Jos suna da ikon ɗaukar ta su ɗora a kan kwarin Kaladan, tun jikokin 'yan Bama, wato sojojinmu da suka yi yaƙin can, suna riƙe da labaran da suka ji daga bakin kakanninsu.