Azumin rage ƙiba da yadda ake jure matsinsa

Azumin rage ƙiba tsari ne na taƙaita lokutan cin abinci domin lafiya. Mafi shahara shi ne 16:8, wato a kame baki awa 16, a ci cikin awa 8. Akwai kuma 5:2, wanda Michael Mosley ya yayata a BBC a 2012. Ana shan ruwa da shayi marar sukari.

Wahalarsa ta fi yawa a zuci. Sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana hauhawa a lokutan da jiki ya saba samun abinci, sannan ya sauka ko ba a ci komai ba. Wanda ya san haka yakan jira yunwar ta lafa. Saurin fushi da ciwon kai sukan ragu cikin mako 2 zuwa 4.

Kaɗaici ya fi ciwo. A Ramadan duk gari ke azumi. A nan kuwa mutum shi kaɗai ne, ga tuwo an ajiye, ga masu tambayar ko lafiya. Sanar da mutanen gida tun farko yakan sauƙaƙa.

Masu ciwon suga da masu juna biyu sai da shawarar likita. Wanda ya fara zargin kansa bayan kowace loma, ya kamata ya dakata.