Aku a Talabijin, Kilba a Takarda

A shekarar 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi yawo cikin taurari. Masana adabi kan lissafa shi cikin ƙagaggun labaran kimiyya na farko-farko da Hausa. Amma yau a tambayi matasan Ƙaraye ko Rogo, da wuya a samu wanda ya san Kilba, alhali Magana Jari Ce kowa ya ji sunansa. Makaranta ta taimaka wajen wannan bambanci, talabijin ma ta taimaka.

A ƙasashen Turai da Amurka talabijin ce ta fitar da gajerun labaran kimiyya daga mujallu zuwa ɗakunan jama'a. Shirin The Twilight Zone na Rod Serling, wanda tashar CBS ta nuna daga 1959 zuwa 1964, ya ɗauki labarin Damon Knight na 1950, To Serve Man, ya mai da shi wasa a 1962. A Ingila kuma BBC ta yi shirin Out of the Unknown daga 1965 zuwa 1971, da labaran su Isaac Asimov. Gajeren labari ya dace da talabijin, domin taurarinsa kaɗan ne, kuma a zama ɗaya ake gama shi.

Mu a nan, littafin da ya samu wannan gata shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Tsarinsa kamar don talabijin aka yi shi: kowane dare aku yana ba Yarima Musa labarai don ya hana shi fita. A shekarun 1980 tashar NTA Kaduna ta mai da shi wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin fitattun 'yan wasansa. Har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san aku ta wannan hanya.

Sai dai talabijin ma tana mantuwa. BBC ta goge da yawa daga kaset-kaset na Out of the Unknown don sake amfani da su, an bar labaran a takarda kawai. Ashe littafi da allo kowa na buƙatar ɗan'uwansa.

A da, tsadar kayan aiki na iya zama uzuri, domin nuna jirgin sararin samaniya ba wasa ba ne. Yanzu kuwa masu shirya fina-finai masu dogon zango a Kano suna da kwamfutocin da Serling bai taɓa gani ba, kuma masu kallo suna nan da wayoyinsu har ƙauyukan Rogo. Abin da ya rage shi ne a sake buga littafin Dembo, a nemi izinin masu haƙƙinsa, a kai Kilba gaban kyamara.