Ƙarfin ruwan famfo idan ya wuce kima: abin da yake yi wa matatar ruwa ta gida a Kwadaso

A Kwadaso da unguwannin da ke kewaye da ita, irin su Asuoyeboah da Tanoso da Edwenase, kukan da aka saba ji shi ne na ƙarancin ruwa: famfo ya ɗauke, ko ya zo yana ɗiga kamar hawaye. Saboda haka mai karatu zai iya mamakin jin cewa yawan ƙarfin ruwa ma matsala ce. To, matsala ce, kuma masu gyaran famfo sun san ta. Ita ce take tsaga kwanson matatar ruwa da tsakar dare, mai gida ya tashi da asuba ya tarar da tsakar gida ta zama tafki, mita kuma tana ta juyawa a kan kuɗinsa.

Abin da ake nufi da matatar ruwa ta gida a nan shi ne na'urar da ake ɗaurawa a kan babban bututun da ke shigo da ruwa, ta yadda duk ruwan da zai je kicin da banɗaki sai ya ratsa ta cikinta. Galibi kwansuna ne na roba, biyu ko uku a jere, masu tsawon inci 10 ko 20. A cikin na farko akwai kyandir mai tare laka da yashi da tsatsa, na gaba kuma na gawayi ne, mai cire wari da ɗanɗanon kulorin.

Yadda ake auna ƙarfin ruwa

Ana auna shi da ma'aunin bar ko PSI. Bar 1 daidai yake da kusan PSI 14.5, kuma shi ne nauyin ruwan da ya tsaya a bututu mai tsayin mita 10. Wannan lissafi kaɗai yana bayyana abubuwa da dama. Tankin roba da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 6 ba zai ba da fiye da bar 0.6 ba, komai girmansa, domin tsayi ne ke ba da ƙarfi, ba yawan lita ba. Abin da ya dace da gida shi ne tsakanin bar 3 da 4. A Amurka dokokin aikin famfo sun wajabta sa bawul mai rage ƙarfi da zarar ruwa ya haura PSI 80, wato kusan bar 5.5. Kwansunan matata na roba kuwa akasarinsu an ƙera su ne su jure tsakanin bar 6 da 8.5, kuma ana rubuta iyakar a jikin kwanson ko a takardarsa.

Daga ina ƙarfin yake zuwa

Ruwan famfon Kumasi na kamfanin ruwa na Ghana ne, daga madatsu biyu: Owabi, wadda aka gina a 1928, da Barekese a kan kogin Offin, wadda aka fara ginawa a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, kuma ita ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin birnin. Kumasi gari ne na tudu da kwari. Kafin ruwa ya hau wa mutanen kan tudu, dole a turo shi da ƙarfin da zai yi wa na cikin kwari yawa. Gida biyu a kan bututu guda, ɗaya ya fi ɗaya gangarawa da mita 30, to na ƙasan yana da ƙarin bar 3 a kan na saman. Shi ya sa wani ke kukan ruwa ba ya hawa tankinsa, maƙwabcinsa na gangare kuma yana canja kan famfo duk bayan wata uku.

Sai kuma lokaci. Da rana kowa ya buɗe famfo, ƙarfi ya rarrabu. Daga tsakar dare zuwa kiran sallar farko jama'a na barci, ruwa ya tsaya cik a bututu, ƙarfinsa ya kai ƙarshe. Wanda ya auna da azahar ya ga bar 2 bai san abin da bututunsa ke ɗauka da ƙarfe uku na dare ba.

Amma abin da ya fi ɓarna a wurin da ruwa ke ɗaukewa yana dawowa shi ne bugun ruwa. Idan famfo ya ɗauke, iska ce ke cika bututu. Ran da aka sako ruwa, sai ya taho da gudu yana tura iskar a gabansa, famfo ya yi ta tari yana tofi, daga nan ruwan ya daki duk abin da ya tare masa hanya. Haka kuma idan aka rufe bawul farat ɗaya. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya yi gwajin wannan a bututun birnin Mosko a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da lissafinsa ake aiki: ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take cikin bututun ƙarfe, yana ƙara sama da bar 10 na ɗan lokaci. A bututun roba bugun ya fi sauƙi, amma ya isa ya haye iyakar kwanso. Bugu ɗaya ba ya cika fasawa. Maimaici ne ke gajiyar da roba, har tsaga mai siririn gashi ta fito a gindin kwanso ko a wuyansa.

A gidaje da dama ma ba ruwan kamfani ne mai laifi ba, injin gida ne. Tun da gari ya faɗaɗa, har Kwadaso ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 2018, sababbin gidaje da yawa rijiyar burtsatse suka dogara da ita. Injin da ake zurawa cikin rijiya an yi shi ne ya ɗaga ruwa mita 60 ko 80. Idan aka sa matata tsakaninsa da tanki, tanki ya cika, ƙwallon bakinsa ya toshe hanya, injin kuma bai mutu ba, to duk ƙarfin nan a kan kwanso zai sauka. Wutar lantarki da ke ɗaukewa ta dawo ba zato tana ƙara abin, domin kowane tashin inji bugu ne.

Ɓarnar da ba a gani

Fashewar kwanso da yoyon robar bakinsa kowa na ganinsu. Mafi haɗari ita ce matatar da ke tsaye lafiya lau alhali ta daina aiki. Gawayi ba rariya ba ne. Yana bukatar ruwa ya ɗan jima a jikinsa kafin ya kama kulorin da wari. Ƙarfi idan ya ninka sau huɗu, gudun ruwa a bakin famfo yana ninkawa kusan sau biyu, sai ruwan ya wuce kafin gawayi ya gama da shi. A cikin gawayi mai tsaba-tsaba ruwa kan huda wa kansa hanya guda, ya bar sauran gawayin ba a taɓa ba. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta ma tana da iyakar litar da za ta iya yi wa aiki a minti ɗaya, in an wuce iyakar, haske kawai take yi.

Kyandir mai tare laka kuwa, musamman da damina ko bayan an gyara bututun titi, yakan toshe da wuri. Ƙarfi mai yawa yana danna dattin har ya ɓulle ta ɗaya gefen, ko ya lanƙwashe kyandir ɗin ruwa ya zagaye ta bakinsa. A ganina wannan ya fi fashewa muni, saboda iyali na sha da natsuwar cewa ruwan tatacce ne.

Abin da ake yi

Matakin farko geji ne, wato agogon auna ƙarfin ruwa. A nemi mai allura biyu, wanda jar allurarsa ke tsayawa a inda ƙarfi ya kai ƙarshe, a ɗaura a famfon waje a bar shi kwana biyu ko uku, har da daren da aka sako ruwa. In ya haura bar 5.5, ana bukatar bawul mai rage ƙarfi, a saita shi a kan bar 3 ko 3.5. Wurinsa kafin matata ne, ba bayanta ba, kuma a sa masa 'yar ragar ƙarfe a gaba don kada yashi ya shaƙe shi. Wannan bawul ba ya maganin ƙarancin ruwa; mai bar 1 ba shi da abin da zai rage.

Tsarin da ya fi dacewa da inda ruwa ba ya tsayawa shi ne ruwan kamfani ko na rijiya ya fara zuba a tanki, daga nan ƙaramin inji mai kashe kansa ya tura shi ta matata zuwa cikin gida. Tanki ya raba matata da bugun titi ke nan, laka ma ta samu ta kwanta. Akwai wata fa'ida: gawayi yana cire kulorin, kulorin kuwa shi ke kare ruwan da ke ajiye, don haka tace shi kafin tanki yana barin ruwa ba kariya cikin zafin rana. Jona inji kai tsaye a bututun kamfani kuwa haramun ne a dokar kamfanin, yana janye ruwan maƙwabta, yana kuma zuƙo ƙazanta ta duk inda bututu ya tsage.

Makarantun allo, masallatai masu jerin famfon alwala da gidajen haya masu ɗakuna da yawa su lura da girman kwanso. Ƙaramin mai inci 10 ba zai ɗauki famfo goma a buɗe lokaci guda ba; babban mai inci 20 ake so. Geji biyu, ɗaya kafin matata ɗaya bayanta, su ke faɗin lokacin canja kyandir: in bambancinsu ya kai kusan bar 1, ya toshe. Kwanso mai nuna ciki ya fi mai shuɗi saurin gajiya, rana na cinsa, gansakuka na fitowa a cikinsa, don haka a ajiye shi a inuwa, kusa da magudana. Bayan an canja kyandir, a buɗe famfo ɗaya a cikin gida tukuna, sannan a saki babban bawul sannu a hankali har iska ta gama fita.