Tarawi ta Nefal: rigimar suna tsakanin Taru da Madeshi

A kudancin ƙasar Nefal, a gindin duwatsun Himalaya, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai ni'ima da ke bin iyakar Indiya, ana ce masa Tarawi. Tun da daɗewa ƙabilar Taru ke zaune cikin dazuzzukansa, domin jikinsu na jure zazzaɓin cizon sauro, abin da ya hana baƙi sauka. Cikin shekarun 1950 aka yi feshin maganin DDT, sauro ya ragu, mutanen tuddai suka kwararo. Gonaki suka suɓuce wa Taru, da yawansu suka koma barorin bashi, tsarin da ake kira kamaiya, wanda gwamnati ba ta soke ba sai a 2000.

A filin nan kuma akwai Madeshi, masu harsunan Maitili da Bojpuri da Awadi, waɗanda auratayya ta haɗa su da mutanen ƙetaren iyaka. Su ma mahukuntan Katmandu sun daɗe suna yi musu kallon bare. A Janairun 2007 suka yi bore ƙarƙashin jagorancin Upendra Yadav, suna neman a mai da Tarawi duka jaha guda mai suna Madesh.

Daga nan zaren ya tsinke. Taru suka ga cewa wannan suna zai haɗiye nasu, su da ke ɗaukar kansu ƴan asalin wurin. Da gwamnati ta lissafa su cikin Madeshi a 2009, sai suka tsai da harkoki a Tarawi cikin watan Maris, har aka janye matakin. Suka ɗaga tutar jahar kansu, Taruhat. Tsoronsu ba na banza ba ne: wanda aka ƙwace wa gona, da wuya ya yarda a ƙwace masa suna.

Tsarin mulkin 2015 ya fusata ɓangarorin biyu tare. A Tikapur, ranar 24 ga Agusta, zanga-zangar Taru ta ƙare da mutuwar aƙalla ƴan sanda bakwai da wani ƙaramin yaro, aka kuma ƙona gidaje da shagunan Taru bayan haka. Madeshi sun samu jaha mai gundumomi takwas, hedikwatarta Janakpur, wadda aka raɗa wa suna Madesh a 2022. Yankunan Taru na yamma kuwa aka raba su: Dang da Bardiya cikin jahar Lumbini, Kailali da Kancanpur cikin Sudurpashcim, haɗe da gundumomin tuddai.